Na kai tsohon kaset, an dawo mini da abokina babu tsage

Shagon yana Tudun Wada a Gusau, tsakanin mai facin taya da wata mai suyar awara. Ba zan kama sunansa ba, don maganata akwai yabo akwai ƙorafi, yaran kuma abincinsu suke nema. Ɗaki ɗaya ne aka raba da labule. Gaba wajen tura fina-finai ne a waya da memori, baya kuma wajen editin: kwamfuta biyu, fanka, da wata tsohuwar bidiyo mai cin kaset da aka lulluɓe da ɗankwali kamar amarya. Sau huɗu na je cikin wata guda, da aiki iri biyu.

Na farko nawa ne. A 1998, Zamfara na da shekara biyu da rabuwa da Sakkwato, muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, yawancinmu malaman firamare da 'yan tireda. Kano ta riga ta yi nisa a harkar fim tun fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, mu ma muka ce ba za a bar mu a baya ba. Muka yi hayar kyamara wajen mai ɗaukar biki, irin wadda ake saɓawa a kafaɗa har wuya ya ƙage. Editin kuwa sai Kano. Kwana huɗu muka yi muna kwana a barandar wani shago, ana haɗa fim da bidiyo biyu, wannan na juyawa wancan na ɗauka, in an yi kuskure a tsakiya sai a koma baya a sake bi. Kowane kwafi kuma ya fi na gabansa dushewa. Da muka kai Ƙofar Wambai, kasuwar dillalan fina-finai a Kano, wani dila ya kalli minti goma ya ce babu waƙa, babu fuskar da aka sani, mu ƙara gaba. Kaset ɗin ya dawo ya shiga adakar uwargida, bai sake fitowa ba sai bana, da ɗan marigayi abokina, wanda ya fito a matsayin sarkin fawa a fim ɗin, ya ce yana son ya ji muryar babansa.

Mai shagon, yaro ne da bai wuce talatin ba, ya karɓi kaset ɗin ya ɗaga shi wajen haske ya ce, "Baba, wanga ya yi fumfuna, in munka saka shi haka nan zai kashe muna inji." A nan ya fara burge ni. Ya kwance ƙusoshin, ya buɗe cikin, ya riƙa juya zaren da yatsa yana gogewa da auduga a hankali, kusan awa guda, bai ɗaga kai ba ko da ake kiransa daga gaba. Ya ce injin nan shi ne jarinsa, ko an ba shi kuɗin babur ba zai sayar ba. Yana da gaskiya, don tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera irinsa, ya daina. In kan injin ya mutu sai dai a nemo gawar wani a ciro.

Juyawar ba ta da gajeriyar hanya. Fim ɗinmu awa ɗaya da minti arba'in ne, haka kuma kwamfutar ta zauna tana sha har ya ƙare. Shagon na kan sola, wuta ba ta ɗauke ta bar zare a maƙale ba. Naira 6,000 ya karɓa, filas ɗin ni na kawo abina. Wannan kuɗi ya halatta.

Matsalar ta zo ne daga ƙarin 4,000 da na biya da son raina. Ya ce akwai manhajar AI da ke wanke tsohon hoto ya fito tas kamar na yau. Na ce a yi. Da na dawo ya kunna mini, gaskiya na yi mamaki: ginin ƙasan da muka yi ɗauka a gabansa ya fito har da sawun hannun magini, wuƙar sarkin fawa na ƙyalli. Sai kyamara ta matso kan fuskar abokina. Mutumin nan Bagobiri ne, tsagensa tun daga gefen baki har zuwa kunne, da su ake gane shi daga nesa a kasuwa. Manhajar ta ɗauke su a matsayin ƙarzunan kaset, ta share su sumul. Sai ga wani saurayi mai santsin kumatu yana magana da muryar abokina. Ni kaina an rage mini giɓi.

Na ce, "Ɗana, wannan wane ne?" Ya yi dariya, da ya ga ban yi ba ya shiga taitayinsa. Bai yi gardama ba. Allah ya sa bai goge kwafin farko ba, ya zuba mini duka biyun. Kuɗin kam bai mayar ba, ni ma ban tambaya ba. Duk mai kai tsohon kaset, na biki ko na suna ko na naɗin sarauta, ya ce a ba shi ɗanyen kwafi tukuna, ya kuma tsaya a kan kada a miƙe hoton don ya cika faffaɗan allon talabijin na yanzu, in ba haka ba kowa zai fito da faɗin kai.

Aiki na biyu na ɗan ƙanwata ne. Shi da abokansa sun ɗauki fim mai dogon zango da waya, kashi shida, kowanne minti ashirin, za su ɗora a YouTube. Abin da ya ci mana kuɗin mota da kwana huɗu a Kano, yaron shagon nan yana yinsa yana cin gyaɗa. Ya ja sin, wato yankin fim, daga ƙarshe ya kawo farko, ya mayar, ya gyara hasken da rana ta ƙone, ya daidaita launin wayoyi biyu da ba iri ɗaya ba har ba ka gane inda aka sauya. Na zauna a benci ina kallo, wani abu na sukata a rai, ban sani ba ko hassada ce. Wajen hoto ban da abin cewa. Naira 15,000 kowane kashi, ya kuma san aikinsa.

Sauti ne ya kashe ni. Laifin farko na yaran ne, sun yi ɗauka ba makirfo, iska na bugun waya, Keke Napep na wucewa, janaretan maƙwabta na ruri. To amma shagon ma ba wajen gyaran sauti ba ne. Labule kawai ya raba edita da sifikar gaba, inda fassarar Indiya ke tashi tun safe har dare. Abin kunnensa kuma ɓari ɗaya ya mutu. Maganin da ya sani shi ne ya ɗora kiɗa a kan hayaniyar, sai maganar ta nutse gaba ɗaya. Kiɗan ma na wani fim ɗin Indiya ya ɗauko. Na ce ya cire, don YouTube na da na'urar gane kiɗan mutane, in ta kama, kuɗin tallan ya tafi wajen mai kiɗa. Yaran da ke fafutukar haɗa mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara ba su kason talla, a ce kuma ɗan abin da zai shigo ya wuce Mumbai?

Alƙawari ma sai a hankali. An ce Alhamis, sai Talata ta sama muka samu, don aikin biki ya shigo, amarya kuma ba ta jira. Duk ayyukan mutane a kan faifan ajiyar kwamfuta ɗaya suke, babu na ajiya. Ranar da ya faɗi ƙasa, Allah ya kiyaye.

Ina jiran aikin ne na lura da abin da ke gudana a gaban labule. Naira 100, 200, ana cika wa mutane waya da fina-finan da wasu suka kashe dukiya suka yi, irin cinikin da ya taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan CD. Na ce masa gaban shagonka na cinye abin da bayan shagon ke dafawa. Ya ce, "Baba, gaban nan shi ka biyan haya." Ya ba ni labarin watan Satumba na 2021, da aka yanke layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Babu intanet, babu YouTube. Direbobin motar Kano ke kawo masa sababbin fina-finai a memori, layi har bakin titi. Ban sami amsar ba shi ba, don ni ma a lokacin wajen irinsu na aika aka turo wa iyali.

Ɗan abokina ya karɓi kwafi biyun. Wankakken ya kalla minti biyu ya kashe. Mai dishi-dishin ya tura wa 'yan'uwansa mata, har wadda ke aure a Ƙaura Namoda.

Kashi na uku na fim ɗin yaran kuwa dole a sake ɗaukar muryoyinsa. Mai shagon ya yarda a yi ranar Asabar bayan sallar isha'i, in an kashe sifikar gaba. Ni aka ɗora wa kawo barguna biyu da za a rataya a bango, da aron makirfo wajen ladanin unguwarmu, in ya yarda.