Wace Manhaja Za Ka Ɗauka Don Ƙara Girman Hoto?

Masu shagunan buga fosta da bana a Kaduna, daga Ahmadu Bello Way zuwa Tudun Wada, sun san wannan ciwon kai: mutum ya turo hoton amarya ko na ɗan takara ta WhatsApp, ya ce a buga shi babba. Hoto mai faɗin fiksel 1200 (ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto), a ma'aunin ɗigo 300 kowane inci, inci 4 kacal zai ba ka. Takardar A4 kuwa tana son 2480 da 3508.

Ƙara girma cike gurbi ne. Manhaja tana raba ɗigogin hoton, sannan ta ƙiyasta launin da ya dace da tsakaninsu. Hanyar nearest tana kwafe maƙwabci ɗaya, bilinear tana duba 4, bicubic 16, Lanczos kuma ta fi su faɗaɗa dubawa. Babu wadda take dawo da abin da kyamara ba ta ɗauka ba. Kuma duk manhajojin da zan ambata kyauta ne, abin da za ka biya shi ne data, wuta da ƙarfin kwamfutarka.

Da za a tambaye ni, ImageMagick zan ce a fara da ita. Tun 1990 take aiki, tana hawa Windows, Linux da Mac, har wayar Android ta cikin Termux, manhajar rubuta umarni a waya. Da rubuta umarni ake sarrafa ta, kuma layi ɗaya ya isa:

magick hoto.jpg -filter Lanczos -resize 300% babba.jpg

A tsohuwar siga ta 6, convert ake rubutawa a madadin magick. Lanczos tana fitar da zanen atamfa da aikin hula da kaifi, sai dai takan bar wata 'yar inuwa a gefen baƙin rubutu kan farin fili. Ga fuska, hanyar Mitchell ta fi laushi, kuma ita manhajar take ɗauka idan za ka ƙara girma ba ka zaɓi komai ba. Lambar QR kuwa, sa -filter Point, ka ninka da 200% ko 400%, domin gefunan su tsaya cak, waya ta iya karantawa. Umarnin mogrify yana gyara hotunan biki gaba ɗaya a tashi guda, amma a kula: yana rubutawa a kan na asali. Ajiye kwafi tukuna.

Raunin ImageMagick shi ne tana ɗora hoton gaba ɗaya a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Mai tsohuwar laftof da ke son bana mai girman bango gara ya nemi libvips, wadda take sarrafa hoto yanki-yanki, ga sauri. Ka rubuta vips resize hoto.jpg babba.jpg 4, shi ke nan. FFmpeg ma tana iyawa, amma bidiyo ne sana'arta.

Sai Real-ESRGAN, wadda ta fito a 2021, mai aiki da basirar na'ura. Ita ba cike gurbi take yi ba, zana abin da take zaton ya ɓace take yi. Tambarin makaranta da zane suna fitowa fes. Fuskar mutum fa? Fata takan koma sumul kamar ta roba, tsagen gado ya dushe, ƙananan haruffa su rikiɗe. Ba zan sa ta kan hoton fasfo, takardar shaida, ko hoton mamaci da iyalansa suka san kowane layi na fuskarsa ba. Tana kuma son kwamfuta mai katin zane (GPU, ɓangaren da ke sarrafa hotuna), in ba haka ba janareta zai sha mai kana jira.

Kada ka manta da nisan mai kallo. Banar da za a rataya a Kawo, a gan ta daga cikin keke Napep, ba ta buƙatar ɗigo 300. Ninki biyu ko uku da Lanczos yakan wadatar. Katin gayyata da ake riƙewa a hannu shi ne mai tona asiri. A irin wannan aikin, kafin ka rubuta umarni, ce wa mai hoton: "Alhaji, a sake turo mini na asali ta hanyar document a WhatsApp," domin ta nan ba a matse shi.