Katin Yawon Lyon: Ya Fi Dacewa da Baƙo Mai Gaggawa

Lyon City Card kati ne da ofishin yawon buɗe ido na birnin Lyon a ƙasar Faransa ke sayarwa, a rumfarsu ta dandalin Bellecour ko ta intanet. Akwai na awa 24, da na 48, da na 72, da na 96. Muddin lokacinsa bai ƙare ba, za ka hau metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da tram (jirgin da ke bin titi) da bas iya son ranka, ka shiga gidajen tarihi fiye da 20 ba tare da ka sake sa hannu a aljihu ba, kuma idan lokacin ɗumi ne har da zagaye ɗaya a jirgin ruwa. Agogonsa yana fara bugawa ne daga sa'ar da ka fara amfani da shi, kuma ba ya tsayawa don ka kwanta barci.

Karatu ne ya zaunar da ni a Villeurbanne, wadda titi kawai ya raba ta da Lyon. Duk zaman da na yi ban taɓa waiwayar katin ba, sai da Yayana ya zo wani taro a Geneva ya ce zai biyo ya gan ni, tunda tafiyar kusan awa biyu ce a jirgin ƙasa. Na saya mana na awa 48. A wajensa kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da ƙari. A wajena kuwa rabi da rabi ne, domin ina da katin sufuri na wata-wata, wato na biya kuɗin hawa metro sau biyu ke nan. Wannan lissafi shi ya kamata duk mazaunin garin ya fara yi. Shiga gidan tarihi a Lyon wajen Yuro 10 ne, wasu ƙasa da haka, wasu sama kaɗan, kuma da yawansu suna yi wa ɗalibai ragi ko su bar su kyauta. In ba za ka shiga wuri biyu ko uku a yini ba, katin ne zai ci ka.

Daga dutsen Fourvière muka fara, kuma duk wanda ya tambaye ni nan zan ce ya fara. Daga tashar Vieux Lyon akwai ɗan ƙaramin jirgi da igiyar ƙarfe ke ja ya hau dutsen cikin 'yan mintoci, yana cikin katin. A sama akwai babbar majami'ar da aka fara ginawa a 1872, fara tas, da hasumiya huɗu, ana hango ta kusan daga ko'ina a gari. Shigarta kyauta ne. Amma abin da ya fi riƙe mu shi ne farfajiyar bayanta, inda gari duka yake shimfiɗe a gabanka: kogin Saône a gindin dutse, Rhône can gaba, tsakaninsu tsirin ƙasar da ake kira Presqu'île da jan filin Bellecour a tsakiyarsa. Minti goma a wurin ya fi taswira amfani. A kan wannan dutse ne aka kafa ƙungiyar limaman Katolika ta SMA a 1856, waɗanda daga baya suka kai aikinsu har Shendam ta Nijeriya a 1907. Yaya bai san haka ba, ya ce ashe tun da can akwai hanya tsakanin garin nan da ƙasashenmu.

Gangarowa kaɗan sai ga gidajen wasan Rumawa guda biyu, na dutse, a jikin tudu. Rumawa ne suka kafa garin shekara 43 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa masa suna Lugdunum, kuma babban gidan wasan yakan ɗauki mutum wajen 10,000. Har yanzu ana kiɗa da wasa a cikinsa kowane lokacin zafi. Shi ma zama a kan matakalarsa ba a biyan komai. Inda katin ya fara aiki shi ne gidan tarihin da ke gefe, wanda aka binne a cikin tudun har ba ka lura da shi sai ka zo bakin ƙofa. Ba hawa bene ake yi ba, gangara ce mai lanƙwasa tana kai ka ƙasa sannu a hankali, ta taga kuma kana leƙen gidan wasan. A nan na fi daɗewa. Akwai wani allon tagulla da aka tono a 1528, ɗauke da jawabin da Sarki Claudius, haifaffen garin, ya yi wa majalisar dattawan Rum a shekara ta 48, yana neman a bar manyan mutanen Gaul su zauna a majalisar. Wato kakannin Faransawa su ma sun taɓa zama talakawan wata daula, ana muhawara a kan ko sun isa a ba su kujera. Na fassara wa Yaya bayanin da ke jikin bango, ya yi dariya ya ce, "To, ƙanena, ashe kowa da ranarsa."

Tsohon gari, Vieux Lyon, yana cikin yankin da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1998. Abin nema a nan su ne hanyoyin da ake kira traboules. Za ka ga ƙofar gida a rufe kamar ta kowa, ka danna maɓalli, ka tura, ka bi wani siririn soro mai duhu, ka ɓullo tsakar gida mai matakala a murɗe, ka sake bin wani soron, sai ga ka a wani titi dabam. Kamar dai a ce zauren wani gida a Birnin Damagaram yana da ƙofar baya da kowa ke da izinin ratsawa. Mutane na zaune a gidajen, don haka ana buɗe su ne da rana kawai, kuma ana roƙon masu wucewa su rage murya. Katin yana ba da damar bin ɗan jagora na ofishin yawon buɗe ido sau ɗaya, amma sai ka riƙe gurbi tun da wuri. Ni dai ina ganin ya cancanta, saboda ƙofofin ba sa tallan kansu, wanda bai sani ba zai wuce goma bai shiga ɗaya ba. Babban titin Saint-Jean kuwa cunkoso ne da shagunan tsaraba, a ratsa shi da sauri.

Mutanen Lyon suna cewa Fourvière dutsen addu'a ne, Croix-Rousse dutsen aiki. A Croix-Rousse masaƙan siliki suka zauna, waɗanda ake kira canuts, kuma gidajensu ma sun nuna sana'ar: rufin ɗaki wajen mita 4, tagogi dogaye, don injin saƙar Jacquard ya samu wurin tsayawa, masaƙi kuma ya samu haske. A Maison des Canuts, gidan tarihin masaƙan, ana tada injin a gabanka. Jerin kwalaye ne masu huda, an ɗinke su kamar sarƙa, kowane kwali yana faɗa wa injin zaren da zai ɗaga da wanda zai bari. Zanen furen da ke fitowa a jikin yadin yana rubuce a cikin hudojin tun kafin a fara. Daga wannan dabara masu ƙera kwamfutocin farko suka ɗauki darasi. Ƙarar injin kaɗai ta isa ta gaya maka irin rayuwar da aka yi a ɗakunan, inda iyali ke kwana a wani ɗan bene na katako a saman abin sana'arsu. 'Yan kasuwa ne ke kawo zare su yanka farashi, masaƙi ya saƙa. Da farashin ya faɗi ƙasa a 1831 suka yi bore har suka riƙe garin na 'yan kwanaki, suka sake yi a 1834, aka murƙushe su da soja. Duk wanda ya taso gidan masu sana'ar hannu zai gane wannan rigima ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wurin ƙarami ne, kuma nunin injin yana da sa'o'insa, a duba kafin a hau dutsen.

Gidan tarihin Musée des Confluences, wanda aka buɗe a Disamban 2014, gini ne na ƙarfe da gilashi a daidai inda kogunan biyu suka haɗu. Tram T1 yana ajiye ka a ƙofarsa. Akwai ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare a duniya, da gawar Masar ta dā, da kayan Afirka da Asiya, an gauraya su bisa jigo maimakon ƙasa-ƙasa. Yara za su so shi ƙwarai. Ni ya gajiyar da ni, wataƙila don mun zo da ƙafafu a kumbure. Abin da ya fi burge ni yana waje: ka taka har ƙarshen tsirin ƙasar ka ga ruwan Saône mai duhu da na Rhône mai kore-kore suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya.

Gidan iyalan Lumière a unguwar Monplaisir kuwa ban yi zaton zai kama Yaya haka ba. A nan 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis, suka ɗauki hoton ma'aikata suna fitowa daga masana'antar mahaifinsu a 1895, wanda ake lissafa shi cikin finafinan farko a duniya. Rumfar da ma'aikatan suka fito ta cikinta tana nan tsaye. Mutumin da ba ya wuce dare bai kalli fim ɗin Hausa ba, sai ga shi tsaye gaban ɗan akwatin katakon da abin ya faro daga gare shi, yana ta ɗaukar hoto zai tura gida.

Jirgin ruwa yana tashi daga gaɓar Célestins, zagayen kusan awa ɗaya. Ba wani abin mamaki a ciki, amma bayan yini guda na hawa da gangara, samun kujera da iska ni'ima ce. A sa shi da la'asar.

Akwai gidan tarihin gwagwarmaya da mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, a ginin da 'yan sandan ciki na Gestapo suka yi ofis ƙarƙashin Klaus Barbie, wanda aka yi wa shari'a a Lyon a 1987. Yana cikin katin, kuma an tsara shi da kyau. Sai dai ɗan Afirka ta Yamma yana da wani wurin da ya fi shafarsa, wanda ba kati ne ke kai mutum ba. A ƙauyen Chasselay, arewa da Lyon, akwai maƙabarta mai jan katanga da aka gina bisa salon ginin ƙasa na yankinmu, ana kiranta Tata. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940 sojojin Jamus suka ware baƙaƙen sojojin Faransa daga fararen bayan sun miƙa wuya, suka karkashe su. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne ke kwance a wurin, da yawansu ba suna a kan kabarinsu. Ana ce musu 'yan Senegal, amma daga ƙasashe dabam-dabam na mulkin mallakar Faransa aka ɗebo su. Mun je ne bayan katin ya ƙare, wani abokina ya kai mu a motarsa, muka yi musu addu'a. Ba a biyan kuɗin shiga.

Maganar ciki kuma, katin ba ruwansa da ita, amma dole a faɗa. Lyon tana alfahari da girki, da ƙananan gidajen abincinta da ake kira bouchons, sai dai yawancin abin da suke taƙama da shi naman alade ne, ko an dafa da giya. Musulmi ya tambaya kafin ya zauna. Quenelle, wani curin kifi da fulawa da ƙwai, shi ne mafita a mafi yawan wurare, amma shi ma a tambayi abin da aka zuba a miyarsa. Wainar praline mai launin ja tana da zaƙi har ya yi yawa, yanka ɗaya ya ishi mutum biyu. Mu dai Guillotière muka riƙa komawa, tsallaken Rhône daga Bellecour, inda mahautan halal da shagunan 'yan Afirka da Larabawa suke, ka ci shinkafa da miyar gyaɗa ka ƙoshi a kan kuɗi kaɗan. Babban Masallacin Lyon, wanda aka buɗe a 1994, yana kan titin Pinel, metro D ke kai mutum kusa da shi, layin da ya bi ta Monplaisir. Wanda ya tsara tafiyarsa ranar Juma'a zai iya haɗa gidan Lumière da salla a fita ɗaya.

Lambun Tête d'Or, mai tafki da gidan namun daji, kyauta ne. Zama bakin Rhône da yamma kyauta ne. Bikin fitilu na 8 ga Disamba, wanda asalinsa ya koma 1852, shi ma kyauta ne, kuma a kwanakin nan cunkoso ba zai bar ka ka ci moriyar kati ba. Mazaunin gari da ke da Asabar da Lahadi a hannunsa zai iya bin waɗannan a tsanake, ya ɗauki gidajen tarihin ɗaya bayan ɗaya, ko ya nemi katin shekara na gidajen tarihin birni.

Mai baƙo kuwa ya kula da ranaku. Confluences da gidan tarihin Rumawa da gidan Lumière suna rufe ran Litinin, gidan zane-zane na dandalin Terreaux yana rufe ran Talata, wasu ma duka ranakun biyu. Katin awa 48 da aka fara ran Lahadi da rana, rabinsa ya tafi a banza. A fara shi tsakanin Laraba da Juma'a, da safe, a watannin da jirgin ruwa ke aiki, wato daga Afrilu zuwa Oktoba. Jirgin Rhônexpress mai zuwa filin jirgin sama ba ya cikin katin na yau da kullum, kuɗinsa dabam ne, sai a ware masa nasa tun daga gida.