Wurin ninkayar da matasan unguwa suka farfaɗo da shi a Bauchi

Wurin ninkayar da nake magana a kansa asalinsa na wani tsohon kulob ɗin ma'aikata ne a cikin garin Bauchi, wanda ya daɗe a rufe har ya koma matattarar ruwan sama da gansakuka da ledoji. Matasan unguwar ne suka nemi izini, suka yi karo-karo, magina da masu aikin famfo suka shigo da aikin gayya, aka kwashe laka, aka liƙe tsagar da ke ƙasan kwamin, aka sake shimfiɗa tayil. Kuɗin shiga bai kai rabin abin da ake biya a otal ba, yara kuma ana yi musu ragi.

Ruwan shi ne abin da ya fi burge ni. Daga bakin kwamin mutum yana hango layin tayil ɗin da ke can ƙasa a ɓangaren zurfi, kuma wannan shi ne ma'aunin farko, domin duk ruwan da ba a ganin ƙasansa ba za a ga yaron da ya nutse a ciki ba. Kowace safiya mai kula da wurin yana ɗiban ruwa a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya gwada launin da ya fito, sannan ya rubuta sakamakon da alli a allon da ke ƙofa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kilorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya kasance tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, ma'aunin tsamin ruwa kuma tsakanin 7.2 da 7.8, kuma abin da na gani a allon bai fita daga nan ba. Rijiyar burtsatse ce ke ba da ruwa, injin tacewa kuma da sola yake aiki, dabarar da ta raba su da jiran wutar NEPA.

Mutumin Bauchi ba zai rasa kwatanta wurin da ruwan ɗumi na Wikki da ke Yankari ba, sai dai kwatancen bai yi adalci ba. Wikki maɓuɓɓuga ce mai gudu zuwa kogin Gaji, ɗuminta na nan a kusan digiri 31 rani da damina, tana sabunta kanta ba da inji ba, amma tana can ƙaramar hukumar Alkaleri, tafiyar fiye da kilomita 100. Yaron unguwa ba can yake zuwa ba idan zafin Afrilu ya tsananta; kududdufi yake faɗawa, ko ramin da aka haƙi ƙasar gini, inda tsargiya ke kama shi ta hanyar ƙwayar cutar da ke fitowa daga jikin katantanwa, inda kuma ba mai ceto idan ƙafarsa ta zame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nutsewa a ruwa ta kashe mutum kusan 300,000 a shekarar 2021. Shi ya sa nake ganin darasin iyo da ake ba yara safiyar Asabar ya fi komai daraja a wurin. Malamin yana fara koya musu kwanciya rigingine a kan ruwa kafin ya koya musu tafiya, ba ya kuma barin ko ɗaya ya tsallake igiyar da ta raba ɓangaren zurfi.

Akwai inda aka gaza. Mai ceto ɗaya ne tak, kuma shi ne ke karɓar kuɗi a ƙofa idan jama'a sun yi yawa da yamma, abin da bai kamata a lamunta ba ko na minti ɗaya. Lokacin da aka ware wa mata ya yi kaɗan, ga katangar gabas gajeriya, shi ya sa iyaye mata da yawa suke kawo yara su tsaya a waje. Ɗakin canza kaya babu ƙofar kirki. Da hunturu kuwa ƙura tana rufe saman ruwan kafin azahar, ba su kuma da tamfol ɗin rufewa.

Babbar damuwata ita ce ɗorewa. A garin Bath na Ingila, wurin ninkaya na Cleveland da aka gina a 1815 an rufe shi a 1984, jama'ar gari suka yi shekaru suna fafutuka kafin a sake buɗe shi ga jama'a a 2023, amma bai daɗe ba ambaliya ta lalata kayan aikinsa aka sake rufewa. Kilorin da yashin tacewa da batirin sola duk kuɗi ne, kuma ban ga alamar an ware asusun gyara a nan ba. Ina ba magidanta shawarar su kai 'ya'yansu, amma da safe, kafin cinkoso, kuma uba ya zauna a bakin ruwan da kansa har sai an ƙaro mai ceto na biyu.