Wata Takwas Ina Haɗa Salsalar Gidanmu a Intanet

Ranar sadakar uku ta Baffanmu wani dattijo ya zo gaisuwa daga Wurno. Ya zauna a zaure, ya yi addu'a, ya yi kuka irin na wanda abin ya taɓa, ya yi sallama ya tafi. Ko kwanar layinmu bai sha ba gardama ta tashi a kan yadda muke da shi. Wani ya ce ɗan ƙanen kakanmu ne, wani ya ce a'a, ubansa ne aka riƙa a gidan. Wanda zai raba gardamar kuwa shi ne muka kai makwanci shekaranjiya.

A daren nan taubashina da ke karatu a Ingila ya turo min sunan wani shafi na haɗa tarihin dangi. Irinsu suna da dama. Akwai FamilySearch na cocin Mormon ta birnin Salt Lake a Amurka, wadda ta fara tara sunayen kakanni tun 1894, akwai Geni da ya fito a 2007, da WikiTree a 2008. Dabararsu ɗaya ce: maimakon kowa ya rubuta nasa ya ɓoye, ana son kowane mutum da ya taɓa rayuwa ya samu gurbi guda tak, dangi na kusa da na nesa su taru su cike shi. Ba zan kama sunan wanda na zaɓa ba, don yabon da ƙorafin da zan yi sun shafi tsarin ne gaba ɗaya.

Rajista kyauta ce, ba ya cin data sosai, yana buɗewa a waya. Turanci ne zalla. Wannan duk mai sauƙi ne.

Inda na fara yin tuntuɓe shi ne gurbin sunan iyali, wanda ba ya barin ka wuce sai ka cike shi. Mu ina muka ga sunan iyali? Ranar shiga makarantar boko ake yanka wa mutum na biyu. Shagari, Tambuwal, Wamakko, Bafarawa, duk sunayen garuruwa ne da suka manne wa masu su. A gidanmu mahaifina ya ɗauki sunan ubansa, ƙanensa ya ɗauki sunan unguwa, autansu kuma laƙabin kakansu malamin aji ya rubuta masa. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma a idon shafin gida uku ne. Ga Muhammadu da Mamman da Mohammed, ga Abubakar da ake kira Garba ko Buba. Kakana ya auri A'ishatu biyu, a gida ɗaya Indo ce ɗaya A'i. Wata mai aikin sa kai daga ƙasar waje, da kyakkyawar niyya, ta ga suna ɗaya miji ɗaya ba ranar haihuwa, sai ta haɗe su suka koma mace guda mai 'ya'ya goma sha huɗu. Kishiyoyin da ko tukunya ba su taɓa haɗawa ba! Mako biyu na yi ina mata bayani kafin muka raba su. Ta ba da haƙuri sosai, har yanzu kuma tana tambayata kafin ta taɓa wani namu.

Aikin gaske ba a waya aka yi shi ba, a ɗakin Goggo aka yi shi a unguwar Rijiyar Ɗorowa, cikin Sakkwato. Ta haura tamanin, ido ya yi rauni, amma kai garau. Ranar farko na same ta bayan la'asar a kan buzunta tana ɓare goro da ƙaramar wuƙa. Na kunna abin naɗar murya na ajiye kusa da ƙafarta.

"Goggo, wa ya haifi kakanmu?"

"Kai wanga yaro, mi kaka biɗa ga mutanen da sunka riga mu gidan gaskiya?"

Na ce don jikoki ne. Ta yi shiru, sannan ta fara jero su, ba da sunan yanka ba, da laƙabi da unguwa da sana'a. Da muka iso kan mijinta da ɗanta na fari sai ta tsaya cak. Alkunya. Shekara talatin da rasuwar mijin, har yau bakinta bai iya kama sunansa. Sai ta ƙwala wa wata jikarta kira ta ce, "Zo ki hwaɗa mai." Babu wani gurbi a shafin da ya san da wannan.

Shekaru ma haka. Shafin lamba yake so, Goggo kuma da sarakuna da masifu take lissafi, yadda ta ji daga innarta: wane an haife shi shekarar da Nasara sunka shigo, wance an yi mata aure Tambari na bisa gado. Dole na yi wa kaina ɗan jadawali a bayan littafi. Shigowar Turawa Sakkwato Maris 1903, yunwar Kakalaba 1914, sai hawan Sarakunan Musulmi: Maiturare 1915, Tambari 1924, Hassan ɗan Mu'azu 1931, Abubakar na uku 1938. Daga nan lissafin ya kwance, domin Sarkin Musulmi Abubakar shekara 50 ya yi a kan gado, har 1988, don haka "zamanin Abubakar" bai raba kaka da jika ba. Sai na koma ga kisan Sardauna a 1966, canjin hannun tuƙi a 1972, da fitowar naira a 1973. An yi sa'a shafin yana karɓar "wajen shekara kaza", kuma da wannan kalma na cike kusan kowane gurbi. Ko rubutun ajami da na samu a bangon wani tsohon Alƙur'ani bai fid da ni gaba ɗaya ba, don Hijira ce kawai aka sa, 1320, ita kuwa ta fara ne a Afrilun 1902 ta ƙare a Maris 1903.

Abin da na fi yabawa shi ne abin da ya fi ba ni haushi da farko. Duk abin da ka rubuta, sai an tambaye ka daga ina ka samo. Na ɗauka takarda kawai suke nufi, mu kuwa kakanninmu ba su da takardar haihuwa. Ashe suna karɓar hira da tsoho, in dai ka faɗi wanda ya gaya maka, da ranar, da yadda shi ya sani. Da na fahimta sai na ce ai wannan isnadi ne, abin da muka sha ji a zauren karatu. Wane ya ji daga wane.

Isnadin nan ne ya kwance mana rawani. Tun muna yara ake gaya mana mu jinin Shehu ne, kamar yadda ake faɗa a gidaje da yawa a garin nan. Na so in ja zaren har Degel. Uba biyar na ƙirga zaren ya tsinke. Gidajen sarauta da na Gidaɗawa, wato zuriyar wazirai, salsalarsu a rubuce take, an san 'ya'yan Shehu da na Sarkin Musulmi Bello, kuma ana iya bin irin waɗannan rubuce-rubuce a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu. Babu wani reshe da namu ya shiga. Na koma wa Goggo. Dariya ta yi har goro ya sarƙe ta.

"Jama'atai dai, ɗana. Kakanku baduku na, shi ka ɗunka ma malamai gahwaka."

Haka na rubuta: baduku, mai ɗinka gafaka, inji Goggo, daga innarta. Wani Baffana ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau. Ni kuwa tun ranar, in na bi ta wajen masu aikin fata sai na tsaya kallon hannunsu.

Wannan sana'a ce ta jawo mana abin da ban yi zato ba. A wata na biyar wani bawan Allah ya aiko min saƙo da Hausa mai ɗanɗanon Larabci. Asalinsu mutanen Mai Wurno ne, garin nan na bakin Shuɗin Nilu a Sudan wanda waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira suka kafa bayan an kashe shi a Burmi a Yulin 1903. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya watsa danginsa, shi ya sa ya zauna rubuta su kafin su ɓace masa. A gidansu ana cewa kakan kakansu baduku ne daga Sakkwato, ya baro wansa a gida. Goggo kuwa ta taɓa ce min akwai wani da "yat tahi gabas bai komo ba". Sunan uba ya zo ɗaya, laƙabi ya zo ɗaya, sana'a ɗaya. Hujja ce ta baki da baki, don haka mun haɗa rassan amma mun sa alamar ba tabbas. Da na kunna wa Goggo muryarsa, ba ta ce komai ba, fatiha kawai ta ɗaga hannu ta shafa.

Akwai inda na yi kuskure, kuma ina jan kunnen duk mai son shiga. Masu rai shafin yana ɓoye su, amma waɗanda suka daɗe da rasuwa kowa na iya karanta su. Na rubuta cewa wata daga cikin matan kakan-kakanmu sa-ɗaka ce. Gaskiya ne, kuma 'ya'yanta 'ya'ya ne kamar kowa a shari'a. Kwana biyu Inna ta kira ni: "Kai, jikokinta na neman aure cikin garin nan, ka sani ko?" A daren na goge. Haka batun saki, da na wanda aka yi shakkar ubansa. Yanzu irin wannan a littafina yake, ba a intanet ba. Wanda kuma zai zaɓi shafi ya karanta ko na wa ne. Cocin da ke da FamilySearch, alal misali, tana da aƙidar yi wa matattu baftisma, ya kamata Musulmi ya san da haka kafin ya yanke shawara.

In an tambaye ni, zan ce a yi amfani da shi, amma rumbu ne, ba gona ba. Ina sauke kwafin komai a fayil ɗin GEDCOM, nau'in fayil na ajiye salsala, in ajiye, muryoyin Goggo kuma suna wuri uku. Dattawanmu ba mai buɗe shafin, sai da na buga a babbar takarda na kai zaure aka yi ta bi da yatsa ana gyara min.

Shi kuwa dattijon Wurno, sai kwanan nan na tuna na tambaya. Goggo ta ce duka ɓangarorin sun yi kuskure. Innarta ce ta shayar da shi tare da Baffa, shekarar da uwarsa ta kwanta ciwo. Ɗan'uwan shayarwa ne, wanda aure ya haramta tsakaninsa da Goggo kamar ɗan ciki ɗaya. Na duba shafin sama da ƙasa: akwai uba, akwai uwa, akwai miji da mata, akwai ɗan riƙo, babu nono. A wurin ƙarin bayani na rubuta shi, da Hausa, a ƙarƙashin sunan Baffa.