Kafin ka bar Windows ka koma Linux: wanne za ka ɗauka, wa kuma ya kamata ya haƙura?

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaron da aka saba. Kwamfutar ba ta mutu ba, tana tashi tana aiki, sai dai duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano daga nan, ba mai toshe ta sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, shi ma na ɗan lokaci ne. Za a ce to ka hau Windows 11 mana. A nan gizo ke saƙar, don ita Windows 11 tana neman guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel galibi ba ta karɓar furosesar da ta girmi zuriya ta 8. Laftof ɗin da aka ƙera a 2016, lafiyarta ƙalau, sai aka wayi gari an ce ta tsufa.

Masu irin wannan kwamfuta na cikin waɗanda suka fi waiwayar Linux yanzu, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ake iya sawa a madadin Windows, amma ba su kaɗai ba ne. Akwai wanda kuɗin lasisi ne ya ishe shi. Akwai wanda ba ya son a tilasta masa buɗe asusun Microsoft kafin ya shiga kwamfutar da ya saya da guminsa, ko ya riƙa ganin talla a jerin manhajojinsa. Wani kuma haushinsa ɗaya ne: yana tsakiyar aiki kwamfuta ta ce sai ta sake tashi don sabuntawa. Masu rubuta manhaja kuwa dalilinsu daban, mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet Linux suke amfani da ita, gara su saba da ita tun daga teburinsu.

Linus Torvalds ne ya fara rubuta zuciyar tsarin a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, daga baya ya sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar karanta rubutun manhajar, ya gyara, ya raba wa wasu. Shi ya sa babu Linux guda ɗaya da za ka je ka ɗauko. Ƙungiyoyi da kamfanoni ne kowa ya ɗauki zuciyar nan ya haɗa mata fuska da manhajoji, ya sa mata suna. Idan wayarka Android ce, da ma can kana yawo da Linux a aljihu.

Kafin a zo kan sunaye, ka zauna ka lissafa manhajojin da abincinka ya rataya a kansu. Wannan ya fi komai muhimmanci, kuma shi masu zuga mutane su koma Linux suka fi tsallakewa. Photoshop ba ta da bugun Linux. Haka AutoCAD, haka CorelDRAW, haka Word da Excel na ɗorawa a kwamfuta. Akwai madadinsu kyauta: GIMP da Krita don hoto, Inkscape don zane, Kdenlive don bidiyo, LibreOffice don aikin ofis. Suna aiki sosai, amma ba tagwayen waɗancan ba ne. Ka buɗe takardar Word mai shafi 40 da jadawalai a LibreOffice, za ka iya tarar da jadawalin shafi na 12 ya zame zuwa na 13, kanun babi ya tsaya shi kaɗai a gindin shafi, saboda salon harafin da aka yi rubutun da shi babu shi a kwamfutar. Ga mai rubuta wasiƙa ko ɗalibi mai haɗa aikinsa ya fitar a PDF, wannan ba komai ba ne. Ga akawun da ke musayar fayil ɗin Excel mai sarƙaƙiya da abokan aiki kullum, ciwon kai ne. Irin wannan mutum ya zauna a Windows, ko ya ajiye duka biyun a kwamfuta ɗaya. Masu wasanni sun samu sauƙi tun da kamfanin Valve, mai shagon wasanni na Steam, ya fito da Proton a 2018, manhajar da ke sa wasannin Windows su yi aiki a Linux: dubban wasannin Steam suna tafiya, amma irin su Valorant da Fortnite ba sa yi saboda manhajarsu ta hana maguɗi.

In kuwa aikinka burauza ne, imel, kallon bidiyo, rubutu da ɗan lissafi, to hanya a buɗe take. A ganina mutum ya fara da Linux Mint. Fuskarta mai suna Cinnamon ta yi kama da abin da hannu ya saba: maɓallin jerin manhajoji a ƙasa ta hagu, agogo a dama, fayiloli a manyan jakunkuna. An gina ta ne a kan wata Linux ɗin mai suna Ubuntu, bugunta mai dogon wa'adi, jerin Mint 22 zai ci gaba da samun gyara har 2029. Tana tashi da RAM na 2GB, amma sai da 4GB ake jin daɗinta. Tana kuma zuwa da Timeshift, wanda ke ɗaukar hoton yanayin tsarin, in sabuntawa ta ɓata wani abu ka koma yadda kake jiya. Ba ta sake tashi da kanta sai in kai ka umarce ta.

Ubuntu ita ce sunan da kowa ya fi sani. Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004. Duk bayan shekara 2, a watan Afrilu, ake sakin bugun LTS, wato mai dogon wa'adi, mai tallafin shekara 5, kuma shi ya kamata sabon shiga ya ɗauka, ba na tsakani mai wata 9 ba. Babban amfaninta yawan jama'a: kusan duk matsalar da ka ci karo da ita, wani ya riga ka, an kuma rubuta maganinta. Kamfanonin da ke yin manhaja don Linux ma ita suke fara gwadawa. Sai dai fuskarta ta GNOME ba ta yi kama da Windows ba, tana kuma da ɗan nauyi a tsohuwar kwamfuta, ga Snap, tsarinta na ɗora manhajoji, da ta dage a kai wanda mutane da yawa ke kuka da shi, har Mint ta toshe shi. Zorin OS, wadda ake yi a ƙasar Ailan, ita ma 'yar gidan Ubuntu ce da aka yi wa kwalliya don masu barin Windows. Tana da bugun kyauta da na kuɗi, na kyautan ya wadatar.

Fedora ta masu sabuwar kwamfuta ce da masu son sabon abu da ɗuminsa. Kamfanin Red Hat ke ɗaukar nauyinta, tana fitowa kusan duk wata 6, kowane bugu yana rayuwa kamar wata 13, wato ba a ɗora ta a manta. Debian kuwa, wadda ta faro tun 1993, akasin haka ce: manhajojinta sukan ɗan kwana biyu, amma da wuya ta ba ka mamaki. Arch, ka bar ta tukuna. Ba don ba ta da kyau ba, a kanta aka gina tsarin Steam Deck, na'urar wasanni ta Valve, sai don da hannu ake harhaɗa ta, kuma wanda bai iya tafiya ba ba ya fara da gudu.

Idan kwamfutar ta tsufa da gaske, fuskar ce za ka duba, ba sunan ba. Mint mai fuskar Xfce ko Lubuntu sun fi sauƙin nauyi. Amma kada a ruɗe ka: burauza mai shafi goma a buɗe za ta cinye RAM ko a wane tsari take. Sauya tsohon faifan ajiya da SSD, ma'ajiya mai sauri, yakan yi tasirin da ya fi na sauya tsari.

Gwaji ba ya cin ko kwabo, kuma ba ya taɓa fayilolinka. Ka sauke fayil ɗin ISO, wato kwafin tsarin gaba ɗaya a fayil guda, daga shafin masu tsarin, ka rubuta shi a filash mai 8GB da manhajar Rufus ko balenaEtcher, ka tashi kwamfutar daga filash ɗin. Tsarin zai buɗe gaba ɗaya ba tare da an girka komai ba. A nan ka haɗa Wi-Fi, ka kunna bidiyo ka ji sauti, ka duba kyamara, ka rage hasken allo, ka rufe murfin laftof ka buɗe ka ga ko ta farka, ka jona firinta ka fitar da shafi ɗaya. Inda aka fi samun cikas shi ne Wi-Fi na Broadcom da katin hoto na NVIDIA, waɗanda kan buƙaci a ɗora musu direba daban, wato manhajar da ke sa su aiki, Mint da Ubuntu suna da wurin yin hakan da dannawa kaɗan. Na Intel da AMD galibi suna aiki kai tsaye, abin lura ne ga mai shirin sayen wata kwamfutar. Dell da Lenovo ma suna sayar da wasu samfura da Linux a ciki tun daga masana'anta.

Ranar girkawa, ka kwashe fayilolinka zuwa wani faifan waje kafin komai. Idan za ka bar Windows a gefe guda, ka duba ko BitLocker, makullin faifai na Windows, a kunne yake, ka rubuta lambar buɗe shi mai alƙaluma 48 a takarda, don bayan an taɓa tsarin tashi Windows na iya tambayarka ita. Sannan ka karanta allon rabon faifai da kyau, domin zaɓin goge faifai gaba ɗaya yana nan dab da na girkawa kusa da Windows.