Kwalejin kiwon lafiya ta kuɗi da na yi CHEW: karatu akwai, amma a tambayi indeksin

Iyaye da yawa a unguwarmu na tambayata ko su kai 'ya'yansu kwalejin da na gama. Makarantar kuɗi ce a bayan garin Kano, kuma difiloma ta CHEW na yi, wato shekara uku ta aikin lafiya matakin farko. Amsata ita ce a kai su, amma kada a biya ko sisi sai an ji maganar indeksin, wato rajistar ɗalibi a hukumar da ke ba da lasisi, daga bakin magatakardan makarantar.

Shiga ba ta da wahala. Kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Ana yin jarrabawar shiga da ganawa, sai dai a ajinmu ban san wanda aka mayar gida ba. Nan matsalar take. Hukumar CHPRBN, wadda ke ba ma'aikatan lafiyar al'umma lasisi, tana ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta yi wa rajista. Wannan rajistar ita ce indeksin, kuma wanda ba shi da ita ba ya zama jarrabawar ƙasa, balle ya sami lasisi. Makarantarmu ta ɗebi ɗalibai fiye da kason da aka ba ta. Da aka kafe sunaye, wata ƙawata da muke zama benci ɗaya ba ta ga nata ba. Ta ci duk jarrabawarta, babanta kuma ya sayar da tumaki ya biya kuɗin zango. Aka ce ta jira zuwa baɗi. Na ga yadda ta tsaya gaban allon nan tana bin layi da yatsa, ta kai ƙasa ta sake komawa sama. Har yau abin yana ci mini rai, domin tun ranar sayar da fom ya kamata a faɗa mata gaskiya.

Makarantar dai tana da rajista, na ga takardun a bangon ofis. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda a 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya 26 da ke aiki ba bisa ƙa'ida ba. Amma rajistar makaranta daban, izinin kwas daban. Mai son karatun gwaje-gwaje ya nemi a nuna masa takardar izinin MLSCN, hukumar kula da aikin gwaje-gwajen asibiti, mai son haɗa magunguna ya nemi ta PCN, hukumar kula da aikin harhaɗa magunguna.

Kuɗin da ke jikin takardar shiga kuwa somin-taɓi ne. Bayansa akwai na yunifom da farar riga, na littafin aikin asibiti, na indeksin, na jarrabawar ƙasa, ga kuɗin mota zuwa wurin firatikal. Bayan cire tallafin mai a 2023 an yi mana ƙari a tsakiyar karatu ba tare da an kira iyaye ba. Bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, kuma na makarantun gwamnati ne, ba ya zuwa kanmu. Abu ɗaya da zan yaba: suna karɓar biya kashi-kashi, kuma ba a taɓa korata daga aji ba lokacin da yayana ya makara.

Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen da na zauna da su. Mata ne suka fi yawa, kuma da yawansu matan aure ne da goyo. Akwai wani ɗan ɗaki kusa da masallaci inda 'yan raino ke zama da jarirai, uwa ta fita ta ba da nono ta dawo, malami bai ce uffan ba. Muna da Barebari daga Yobe, da 'yan Kudancin Kaduna, da 'yan Sabon Gari Yarbawa da Ibo. Wata Kirista ce ta koya mini lissafin ɗigon ƙarin ruwa, ni kuma na riƙa yi mata tafinta idan tsohuwa ta zo da Hausar ƙauye a asibiti. Mai keken guragu dai zai sha wuya, don ɗakin gwaji a saman bene yake.

Malaman yawancinsu ma'aikatan asibiti ne da ke zuwa bayan sun tashi aiki, shi ya sa wani lokaci darasin safe kan koma na yamma. Amma sun san aikin a hannu. Malamar da ta koya mana awon ciki ba ta barin ɗaliba ta wuce sai ta ji bugun zuciyar jariri da kunnenta. Babu yajin aiki, shekara uku ta tsaya a uku.

Maganar aiki ce ake ƙara wa gishiri a talla. Lasisi ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki. Cikin waɗanda muka gama tare, kaɗan ne gwamnati ta ɗauka. Wasu suna aikin sa-kai a asibitocin sha-ka-tafi, wasu suna kemis, wasu suna jiran zagayen rigakafin shan-inna. Ni ina wani asibitin kuɗi, albashina bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 ba, kodayake aikin da na koya yana yi mini amfani kullum. Makarantar ba ta da ofishin da ke haɗa ɗalibai da masu ɗaukar aiki, ba ta ma bibiyar inda muka shiga.

Tauraro uku cikin biyar nake ba ta. Wanda zai je, ya tambayi kaso nawa hukuma ta ba su a bana da mutum nawa suka riga suka ɗauka, kuma a rubuta masa amsar.