Manhajar ibis Paint X a ajin zane: abin da na gani a Maradi

Ina koyar da zane a wata makarantar sakandare a unguwar Zariya, kuma da yake ba mu da ɗakin kwamfuta, na gwada koya wa ɗalibaina zane a wayar hannu da ibis Paint X, manhajar da wani kamfanin Japan ya fitar a 2011. Ana sauke ta kyauta, kuma bayan an sauke ta ana iya yin zane ba tare da intanet ba, wanda babban sauƙi ne ga yaron da ba kullum yake da kuɗin sayen megas ba.

Abin da ya fi amfanar da ni shi ne yadda take ɗaukar bidiyon zanen tun daga layin farko har zuwa ƙarshe. A takarda, malami sakamako kawai yake gani. A nan kuwa na zauna da wata ɗaliba muka kalli yadda ta zana tulu, na ga ta goge wuyansa har sau shida saboda ta fara da baki kafin ta tsayar da cikin, sai na gyara mata tsarin aikin maimakon in ce mata bai yi kyau ba kawai. Haka nan tsarin falle-falle, inda zanen fensir yake a falle ɗaya, launi a wani, ya cire wa yara tsoron ɓata aiki.

Akwai kuma ma'aunin daidaito, wanda yake maimaita duk layin da aka ja a ɗaya ɓangaren. Da shi muka zana dagi da aska takwas irin na babbar riga, kuma wani yaro ɗan gidan maɗinka ya kai wa mahaifinsa nasa a babbar kasuwa don a duba ko zai ɗinku.

Sai dai dole malami ya san iyakarta. Ta kyautar tana zuwa da tallace-tallace, kuma ba ta da Hausa, don haka da Faransanci muke bin umarninta. Allon waya ƙarami ne, yatsa yana rufe daidai wurin da ake zanawa, sannan mai gyara layi na manhajar yana miƙar da layin hannun da bai riga ya ƙware ba, har yaro ya ɗauka ya iya. Wannan ne ya fi damuna, shi ya sa ban yarda kowa ya fara a waya ba: sai ya zana a takarda da fensir, ya ɗauki hotonsa, manhajar ta fitar da layukan, sannan ya sa launi.

Ga makarantar da take da kwamfuta, manhajar zane ta Krita ta fi faɗin aiki kuma ita ma kyauta ce. Mu da wayoyi biyar muke aiki, ɗalibai huɗu ga kowace waya, kuma a haka zan ci gaba da ibis Paint X a zango mai zuwa.